Majigi ko Kwamfutocin Hannu a Aji?

'Yan'uwana malamai a Jos sun sha tambayata: majigi za mu saya ko kwamfutocin hannu?

Majigi ya fi araha. Guda ɗaya ya ishi aji mai yara sittin, hankalin kowa kuma yana wuri ɗaya. Matsalarsa wuta ce: da an ɗauke, darasi ya tsaya, sai in akwai sola.

Kwamfutocin hannu akwai tsada, ga fashewar gilashi, ga sata. Amma yaro da kansa yake taɓawa, kuma tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar shiga jami'a ta JAMB. Na taɓa ganin ɗaliba mai ƙwazo hannunta na rawa a gaban kwamfuta, abin ya tsaya mini a rai.

Firamare mai cunkoso majigi ya fi dacewa da ita. 'Yan ajin ƙarshe na sakandare kuwa, a ba su kwamfuta.