Mai karyewa ko mai sakata: wace bindigar farauta mai araha ce ta fi aminci?

Malam, ka yi tambaya cewa lasisinka ya fito, kana son sayen bindigar farauta ta farko, kuma hankalinka ya rabu biyu: ko ka ɗauki mai cin harsashi ɗaya, irin wadda ake karyawa a tsakiya a zura harsashi a mayar, ko ka ɗan ƙara kuɗi ka ɗauki mai sakata, wato wadda ake ja da tura sakata da hannu don sa harsashi, daga cikin masu araha. Ka ce an gaya maka mai harsashi ɗaya ba ta ba da matsala tunda kayan cikinta ba su da yawa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. Kayan cikinta kaɗan ne, haka ne, sai dai kowane ɗaya daga cikinsu nauyi mai yawa yake ɗauke da shi, kuma a daidai wuraren nan ne masana'anta ke rage aiki idan tana son sauke farashi.

Mu fara da kulle, domin nan ne bambancin ya fi girma. A bindiga mai sakata, kan sakatar yana da haƙora, galibi biyu ko uku, da ke juyawa su shige cikin ƙarfen jikin bindigar a bayan harsashi kai tsaye. Ƙarfin harbi yana turo su baya a miƙe, ƙarfe kan ƙarfe. Mai karyewa kuwa, bututunta yana juyawa ne a kan ƙusa guda, sannan wani ɗan harshen ƙarfe da sifirin ke turawa ya hau kan dandamalin da ke ƙarƙashin bututun ya riƙe shi. Duk harbi yana ƙoƙarin ɓalle wannan haɗin. Idan an goge harshen da dandamalin sun zauna daidai, bindigar za ta daɗe tana aiki. Idan an yi gaggawa harshen ya kama gefe kawai, ko mai ya zubo a wurin, sai ka ga bindiga ta buɗe da kanta bayan harbi. Shi ya sa masu irin wannan bindiga suka saba da ƙa'idoji biyu: a bar wurin kullen a bushe, kuma a rufe ta da ɗan ƙarfi, kada a lallaɓa.

Tarihin Handi-Rifle ta kamfanin H&R na Amurka, wadda ita ce ta fi shahara a wannan aji, ya nuna yadda zaman bututu ke buƙatar hannun gwani. A da, kamfanin yana sayar da ƙarin bututu, amma sai ka aika masa jikin bindigarka ya daidaita shi a masana'anta. Haka kuma jikin iri biyu ne: SB1 na zubin ƙarfe, wanda aka tanada don harsasai marasa matsi sosai, da SB2 na ƙarfe mai tauri don manyan harsasai. Kamfanin bindigogi na Marlin ya sayi H&R a 2000, daga baya kamfanin Remington ya sayi Marlin, aka rufe masana'antar garin Gardner da ke jihar Massachusetts a 2008, aka daina ƙera Handi-Rifle a 2015. Duk wadda ka gani yau tsohuwa ce, kuma idan wani ya ɗora mata bututun wata bindigar a gida, ka nisance ta har sai mai gyaran bindiga ya auna ta.

Sai batun fitar da kwanso, wanda shi ne ƙorafin da ya fi yawa. Idan an yi harbi, kwanson tagulla yana kumbura ya manne da bangon mazaunin harsashi. A mai sakata, ɗaga hannun sakatar kaɗai yana fisgo kwanson baya kaɗan da ƙarfin maɗaga, kafin ma ka ja. Yawancin masu karyewa na araha ba su da wannan. Wasu sifirin ne kawai ke cilla kwanson waje, kuma idan mazaunin bai sha guga ba, ko ya yi datti, ko mai ya taru a ciki, sifirin ba zai iya ba. Kwanso ya maƙale, dabba ta ji rauni tana gudu, kai kuma kana neman sandar goge bututu ka zunguro shi ta gaba. Wannan ne ya fi damuna a duk lamarin, domin dabbar da aka raunata haƙƙinta ne a gama da ita da wuri. Masu karyewa da ke turo kwanson da ƙarfin buɗe bindigar, ka zare shi da yatsa, sun fi masu sifirin aminci, ko da yake sun fi su jinkiri.

Irin harsashin da ka zaɓa shi ke yanke hukunci a nan. Harsasai irin su .45-70 da .30-30 da .44 Magnum da .357 Magnum suna da leɓe mai faɗi a gindi, abin da ke fitar da kwanso yana samun wurin kamawa sosai, kuma leɓen ne ke tsayar da harsashin a mazauninsa. Matsinsu ma bai kai na sauran ba. A ma'aunin SAAMI, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin bindiga da harsashi a Amurka, iyakar matsin .45-70 ita ce psi 28,000 (psi ma'aunin matsi ne), ta .44 Magnum 36,000, ta .30-30 kuma 42,000. Kwatanta da .223 mai 55,000, da .243 mai 60,000, da .308 mai 62,000, waɗanda duk ba su da leɓen da ya fito waje, sai wani siririn tsagi da dole ƙugiyar fitarwa ta faɗa ciki. Yawan matsi yana ƙara manne kwanso, yana kuma ƙara wahalar da ƙusa da harshen kulle. Bindiga ɗaya, kamfani ɗaya, tana iya zama abar dogaro a .45-70 ta zama ciwon kai a .243. Yawancin masu sakata na zamani kuwa don irin waɗannan harsasai marasa leɓe aka tsara su.

Wajen saiti ma mai sakata ce a gaba, kuma dalilin a fili yake. Irin su Ruger American, da ta fito a 2012, bututunsu ba ya taɓa mariƙin gaba, don haka inda ka jingina ta bai cika sauya inda harsashi ke sauka ba. A mai karyewa, mariƙin gaba a jikin bututun ake ɗaure shi. Ka matse ƙusarsa da yawa, ko ka jingina bindigar a gaban mariƙin yau gobe a bayansa, ko bututu ya yi zafi, sai ramukan harbi su riƙa hawa sama a jere. Ana rage wannan ta hanyar jinginar da ita kusa da ƙusar juyawa kullum, da rufe ta da ƙarfi iri ɗaya kowane lokaci. Kunamar wasunsu tana da nauyi, gudumar da ake ɗanawa da yatsa kafin harbi kuma takan shige ƙarƙashin madubin saiti sai an sa mata ɗan hannu a gefe.

Kada ka ɗauka ina wanke mai sakata ne. Ta araha tana zuwa da jikin roba mai lanƙwasa wanda kan taɓa bututu idan an danne shi, gidan harsasanta na roba ne kuma yakan ƙi miƙo harsashi, sakatar takan yi kaushi kafin ta saba. Amma idan gidan harsasan ya ƙi, kana iya sa harsashi ɗaya da hannu ka ci gaba. Kuma kiranye saboda lahani ya shafi ɓangarorin biyu: a 2014 Remington ya nemi a mayar da Model 700 da Model Seven masu kunamar X-Mark Pro, a 2020 kuma kamfanin Henry ya nemi a mayar da bindigoginsa masu harsashi ɗaya samfurin H015, saboda wasu na iya tashi ba a ja kunama ba idan gudumar ta kuɓuce daga rabin ɗanawa. Ko wacce za ka saya, ka duba lambarta a jerin kiranyen kamfanin.

Mai karyewa tana da inda ta yi zarra. Ta fi gajarta ko da tsawon bututun ɗaya ne, bahago da mai dama duk suna riƙe ta daidai, kuma da zarar an karya ta kowa yana ganin babu komai a ciki, abin da ke da daraja sosai wajen koya wa sabon maharbi. Cin harsashi ɗaya ma ba shi ne aibin ba. Ruger No. 1 harsashi ɗaya take ci, amma da tubalin ƙarfe mai sauka da hawa take kullewa, kuma tana ɗaukar manyan harsasai lafiya. Sai dai ita ba ta cikin masu araha.

To, shawarata ita ce: idan .223 ko .243 ko .308 kake so, ko za ka riƙa harbi daga nesa, ka ƙara kuɗin ka ɗauki mai sakata. Idan farautarka ta kusa ce kuma ka yarda da harsashi mai leɓe, mai karyewa za ta yi maka aiki, da sharaɗin ka duba wadda ke hannunka da kanka, domin a wannan aji biyu masu suna ɗaya kan bambanta ƙwarai. Ka tabbatar babu harsashi a ciki, ka cire mariƙin gaba, ka rufe ta, ka girgiza bututun gefe da gefe, kada ka ji ko ɗan motsi. Ka ɗaga ta ga haske ka duba ko akwai rata tsakanin gindin bututu da fuskar jikin. Ka leƙa mazaunin harsashi, idan ka ga zobban tabon inji, kwanso zai maƙale. Sannan ka gwada ta a filin atisaye tun kafin wa'adin garanti ya ƙare. Idan ta buɗe da kanta ko da sau ɗaya ne alhali kullen a bushe yake, kada ka sake harba ta kuma kada ka sa mata zarto a gida, ka mayar da ita ga kamfanin ko ga ƙwararren mai gyara.