Gyaran suna da jinsi a katin ɗan ƙasa: shagunan kafe na Zariya a kan sikeli

Daga PZ zuwa Tudun Wada, daga Kongo zuwa bakin ƙofar jami'a a Samaru, da wuya ka wuce layin shagunan kwamfuta ba ka ga allon "gyaran NIN, canjin suna, afidabit, buga jarida" ba. A dunƙule suke sayar da aikin: ka kawo tsohon silif ɗin NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, da kuɗi, su ce ka dawo ka karɓi sabo. Hidimar tana da amfani wajen bugu, sikanin da aika sanarwa jarida. Wajen buɗe asusun gyara a shafin intanet na hukuma tana da haɗari. A batun jinsi kuwa ba ta da abin yi, ko me mai shago ya rantse maka.

A fara da abin yabo. Yaran shagunan nan sun san fasalin takardar rantsuwa, wato afidabit, a ka, sun san yadda ake matse hoto ya shiga shafin NIMC, hukumar katin ɗan ƙasa, ba tare da ya dushe ba, suna da janareta, kuma suna da wakilan jaridu a waya. Dattijon da ya zo daga Giwa ko Soba da takardu a leda ba zai iya wannan da ƙaramar wayarsa ba. Shago mai kyau za ka gane shi da abu guda: kafin yaron ya taɓa kibod zai shimfiɗa takardunka duka a tebur, ta haihuwa, ta firamare, sakamakon WAEC ko NECO, silif ɗin NIN, bayanan BVN, wato lambar shaidar banki, ya bi su da biro harafi bayan harafi. Wanda ya ce "faɗi sunan da kake so" ya hau bugawa, tashi ka ba shi wuri.

Dalili shi ne matsalar suna iri uku ce, maganinsu kuma ba ɗaya ba. Akwai kuskuren harafi: Muhammad a nan, Mohammed a can, ko Mu'azu da na'ura ta cinye masa waƙafin sama ya koma Muazu. Akwai juyewar jeri, inda sunan mahaifi ya hau gurbin sunan yanka, ko sunan gari irin Maƙarfi da Ikara ya zama sunan dangi a takarda ɗaya ya ɓace a ɗaya. Sai canjin suna na gaske: Ɗanladi da ke son komawa sunansa na yanka, wanda ya sauya addini, ko matar da aka liƙa wa sunan miji a asibiti alhali a makaranta sunan mahaifinta take amsawa, kamar yadda aka saba a ƙasar Hausa. Yawancin shaguna fom guda suke da shi a kwamfuta, mai cewa "a da ana kirana kaza, yanzu ina so a kira ni kaza". Idan aka yi wa mai kuskuren harafi wannan, an sa shi ya rantse cewa ya taɓa amsa sunan da bai taɓa zama nasa ba. Abin da yake buƙata rantsuwa ce cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne, kuma ga daidaitaccen.

Kada a raina wannan. Ranar 13 ga Fabrairun 2020 Kotun Ƙoli ta soke zaɓen David Lyon a matsayin gwamnan Bayelsa, ana gobe rantsarwa, saboda sunayen mataimakinsa sun sha bamban a takardunsa. Tun daga nan lauyoyi ke jaddada cewa mai canjin suna na gaske, musamman mai niyyar takara ko babban muƙami, kada ya tsaya a afidabit: ya sa lauya ya tsara masa takardar canjin suna, a buga a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati. Wannan ba aikin kafe ba ne, kuma kaɗan ne daga cikinsu ke gaya wa mutum haka.

Rantsuwar kanta a kotu ake yi, gaban jami'in rantsarwa, mai ita na tsaye da hotunansa na fasfo, ya sa hannu, a buga hatimi, a ba shi rasit. Shagon da ya ce "zauna, Alhaji, yanzu yaro zai kawo ta da sitamfi" ya rage maka tafiya, amma ba ka san inda hatimin ya fito ba. Takardar da ba ta da rasit da lambar rajista, ranar da banki ko ofishin fasfo ya bincika, kai ne za ka amsa tambaya, ba yaron ba. Haka jarida. Wasu hoton shafi kawai suke turo wa mutum a WhatsApp, shafin da ba a taɓa bugawa ba. A nemi jaridar ƙasa ta takarda, a ajiye shafin cikakke mai ɗauke da sunan jarida da kwanan wata a sama, kada a yanke ɗan akwatin da almakashi. A kuma karanta rubutun kafin a aika, don harafi ɗaya ya kauce sai an sake biya.

Inda aka fi cutuwa shi ne asusu. Tun 2024 NIMC ta buɗe shafin da mutum zai gyara suna, ranar haihuwa, adireshi da lambar waya da kansa. Ana shiga da NIN mai lamba 11 da imel, a ɗauki hoton fuska, a ɗora takardu, a biya. Hukumar ta bayyana cewa asusun yana ɗaure da na'ura da burawuzar da aka buɗe shi, kuma ta gargaɗi jama'a kan miƙa bayanansu ga kafe. To, me ke faruwa a shago? Yaro ya buɗe a kwamfutarsu, da imel ɗin shagon, bayan kwana biyu ya share tarihin burawuza don ta yi sauri. Asusu ya kulle. Idan aka dawo da buƙatarka saboda wata takarda ba ta fito sosai ba, saƙon yana akwatin da ba naka ba. Mafita mai sauƙi ce: a buɗe a wayarka, da imel ɗinka, shago ya yi sikanin kawai ya turo maka.

Kuɗi ma a rarrabe shi. A farashin da hukumar ta fitar a watan Mayun 2025, gyaran suna naira 2,000 ne, ranar haihuwa naira 28,574. Duk abin da ya haura wannan kuɗin kotu ne, na jarida, ko ladan shago, kuma mai gaskiya zai rubuta maka kowanne daban. Ladan aiki halal ne. "Kuɗin oga na ciki don a hanzarta" shi ne ba a san aljihun da yake faɗawa ba.

Sai jinsi. Dokar Najeriya ba ta tanadi hanyar da mutum zai zaɓi sauya jinsinsa a takardun shaida ba, don haka abin da ake nema a nan gyaran kuskuren mai bugawa ne. Yana faruwa fiye da yadda ake zato, don wasali ɗaya ne tsakanin Aminu da Amina, Jamilu da Jamila, Habibu da Habiba, ga akawu na cika fom ɗari a rana. Ba a lura sai lokacin rajistar JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, wadda tun 2021 take ɗauko bayanan ɗalibi kai tsaye daga NIN. Daga nan kuskuren ya bi yaro zuwa rabon ɗakin kwana, ya bi shi har bautar ƙasa. Babu gurbin jinsi a cikin abubuwan da shafin gyaran kai ke karɓa, saboda haka mai kafen da ya karɓi kuɗi a kan zai danna ya gyara, iska ya sayar maka. Mai abin ne zai je ofishin hukumar da ƙafarsa, da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, takardar firamare, rantsuwar kotu da wasiƙar koke, ya kuma shirya wa yiwuwar a tura shi ofishin jiha a Kaduna. Abin da shago zai iya a nan buga wasiƙar ne da fotokwafi.

Wani gibin kuma, shagunan suna sallamar mutum da zarar sabon silif ya fito, alhali aiki bai ƙare ba. BVN a banki ake gyara shi, da fom ɗinsu. Fasfo sai NIN ya daidaita kafin hukumar shige da fice ta saurare ka. Sakamakon sakandare ta hannun makarantar da aka zauna jarrabawa ake bi. Ma'aikaci kuma ya leƙa kamfanin fanshonsa tun yana bakin aiki, don bambancin suna tsakanin fayil da NIN yana tsayar da biyan haƙƙi, kuma idan mai sunan ya rasu, magada ne ke yawo da takardun da babu mai rantsewa a kansu.