Daga Garwa zuwa Kudu a Lokacin Hunturu: Wace Hanya Ta Fi Dacewa da Iyali?

Mai shirin ɗaukar iyalinsa daga Garwa zuwa Yawunde, a ƙasar Kamaru, tsakanin Disamba da Fabrairu yana da zaɓi uku ta ƙasa, amma duka ukun sai sun biya ta Ngaundere, saboda haka kashin farko na tafiyar, kimanin kilomita 275 a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, ba shi da madadi. A wannan kashi ne ake ratsa gefen gandun dajin Binuwai, kuma da yake ciyawa ta bushe a wannan lokaci, dabbobi suna taruwa a bakin kogi, har mai haƙuri ya ga dorina da gwanki idan ya kwana guda a can. Bayan garin Mbe akwai hawan dutse mai lanƙwasa da yawa, inda manyan motocin da ke kai kaya Cadi suke tafiyar hawainiya. Ya kamata a wuce shi da rana, domin hazon hunturu kan rage gani da asuba da kuma bayan magariba.

Ngaundere tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,100, sanyinta da dare ya fi na Garwa nesa ba kusa ba, don haka a tanadi bargo da rigunan sanyi na yara. Fadar Lamiɗo da tafkin Tison sun isa cika yini ɗaya.

Zaɓi na farko shi ne hanyar gabas, ta Meiganga, Garwa-Bulai da Bertuwa, wadda ta haura kilomita 800 kafin a shiga Yawunde. Kwalta ce, gidajen mai ba su yi nisa da juna ba, kuma ƙaramar mota tana iya yin ta ba tare da wahala ba. Kuɗin da ake biya a shingen harajin hanya sefa 500 ne kowanne. Abin kallo ba shi da yawa, sai yadda filin kiwo yake rikiɗewa sannu a hankali ya zama kurmi. A ganina ita ce ta dace da mai tafiya da tsofaffi ko ƙananan yara, muddin ya raba ta biyu ya kwana a Bertuwa, maimakon ya kwaikwayi motocin haya da suke yin ta a tashi ɗaya.

Hanyar yamma, ta Tibati da Banyo zuwa Fumban, ita ce mai daɗin kallo, ita ce kuma mai cin mota. Akwai wurare masu nisa na jan ƙasa da gargada, waɗanda da damina ba a ba kowa shawarar shiga, shi ya sa rani ne lokacinta, ko da yake ƙura za ta shiga har cikin akwatin tufafi. Ana bukatar mota mai tsayi, da tayar ajiya biyu, da man da ya wuce lissafi. Ladan wahalar yana Fumban, inda fadar da Sarki Njoya na ƙabilar Bamun ya gina a 1917 take tsaye har yau, ga kuma rubutun Bamun da shi kansa ya ƙirƙiro, ga unguwar maƙera da masu sassaƙa. Daga nan kwalta ce ta Bafusam zuwa Yawunde ko Duwala.

Wanda ba ya son gajiyar tuƙi yana iya ajiye motarsa a Ngaundere ya hau jirgin ƙasa na Camrail, wanda yake tashi da yamma ya isa Yawunde washegari da hantsi, a kan layin dogon da ya iso Ngaundere a 1974. Akwai ɗakin kwana mai gado biyu ko huɗu, kuma a lokacin hutun ƙarshen shekara gara a yanki tikiti tun da kwanaki. Sai dai dare ne, ba a ganin komai, kuma idan ana son ƙarasawa Kiribi don ganin inda ruwan Lobe yake zubowa kai tsaye cikin teku, dole a nemi motar haya.

Masu tuƙa kansu su haɗa takardar mallakar mota, inshora, takardar duba lafiyar mota da katin shaidar kowane babba a jaka ɗaya kusa da direba, domin shingayen jandarma suna da yawa a hanyoyin biyu.