mknod ko mkfifo? Ga wanda zan ce ka ɗauka

Ɗan'uwa da ka tambaya tsakanin mknod da mkfifo, umarnoni biyu na Linux, wanne za ka kira don furogiram ɗinka guda biyu su riƙa miƙa wa juna bayanai, mkfifo za ka ɗauka, shi ke ƙirƙirar bututu mai suna da ake kira FIFO, wannan ya zuba bayanai wancan ya kwashe, kar ma ka tsaya dogon tunani.

Ni ina da wani ɗan Raspberry Pi da ke auna zafin ɗaki, furogiram ɗin da ke karanta sensa da C na rubuta shi, wanda ke turo min sakamakon a waya kuma Python ne. Da can fayil ɗaya suke rabawa, wannan ya rubuta wancan ya buɗe ya karanta, wani sa'in ya tarar da rabin layi don ɗayan bai gama ba, ga katin memori ana ta rubutu a kansa dare da rana. Ranar da na sa mkfifo("/tmp/zafi", 0660) wallahi hankalina ya kwanta. Sunan yana nan a folda kamar kowane fayil, in ka buga ls -l za ka ga harafin p a farkon layin, girmansa 0 kullum, saboda bayanan ba sa sauka kan diski ko kaɗan, kanel, wato zuciyar Linux, shi ne ke riƙe su a memori har mai karatu ya kwashe. Ba ya neman root, wato mai cikakken iko a kan kwamfutar, ba ya neman wata lambar na'ura, suna da izini kawai. Har yau abin yana ta aikinsa, kuma ina jin daɗinsa sosai.

Amma ka san halinsa tukuna, don shi ne ke rikita mutane. In ka buɗe bututun don rubutu alhali babu mai karatu, open zai tsaya cak yana jira, ba wai furogiram ɗinka ya maƙale ba ne, haka aka tsara shi. In ka sa O_NONBLOCK, wato ka ce kar ya jira, kuma babu mai karatun sai ya dawo maka da kuskuren ENXIO. In mai karatu ya rufe kana cikin rubutu, SIGPIPE, siginar da kanel ke aikowa, zai kashe furogiram ɗin sai dai in ka ce a yi watsi da shi, lokacin sai write ya ba ka kuskuren EPIPE ka san yadda za ka yi. A Linux bututun na ɗaukar bayit 65536 in ba ka canja ba, in ya cika mai rubutu sai ya jira. Abin da na fi so kuma, duk rubutun da bai wuce PIPE_BUF ba, wato bayit 4096 a Linux, yana shiga a dunƙule, ko furogiram uku ke zuba wa bututu ɗaya layukansu ba za su cakuɗe ba. Ka tuna umask yana rage izinin da ka bayar, sannan in sunan yana nan tun da za ka ga kuskuren EEXIST, ka duba shi kar ka bar furogiram ya mutu a kai.

Shi mknod, to, yana yin bututun shi ma in ka ba shi S_IFIFO da 0 a gurbin lambar na'ura, a Linux ma mkfifo ɗin ta ƙasa shi yake kira, ka gwada strace, mai nuna kiran da furogiram ke yi wa kanel, za ka ga mknod ko mknodat. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Ainihin aikinsa fayilolin na'ura ne irin na cikin /dev, S_IFCHR ko S_IFBLK tare da babbar lamba da ƙaramar lamba, /dev/null 1 da 3 ne, /dev/sda, wato diskin farko, 8 da 0. Wannan sai da root ko izinin CAP_MKNOD, in ba haka ba kuskuren EPERM na rashin izini, kuma POSIX, ƙa'idar da tsarukan Unix ke bi, bai lamunce maka komai a mknod ba sai yin FIFO kaɗai. Tun da devtmpfs ya shigo a Linux 2.6.32 a 2009 kanel da kansa ke ƙirƙirar fayilolin na'urar, udev mai kula da su ya gyara izini, da wuya ka buƙaci yi da hannu. Ga haɗari, fayil mai lamba 8 da 0 da aka bari da izinin kowa, duk wanda ya buɗe shi diskin gaba ɗaya ya buɗe.

Ba ka tambaya ba amma zan faɗa, in a saba (server) ta haya, wato VPS, za ka ɗora aikin nan ka yi hattara da masu sayarwa. Akwai waɗanda ke tallar VPS da cikakken root, ka biya ka shiga sai ka tarar kwantena ce kuna raba kanel ɗaya da jama'a. Na taɓa sayen irinta don in kafa VPN, na buga mknod /dev/net/tun c 10 200 don in yi fayil ɗin na'urar da VPN ke buƙata, aka ce ba ni da izini alhali ni ne root, na yi wa mai sayarwar magana ya ce sai na ƙara kuɗi zai buɗe min, abin da bai rubuta a tallar ba sam. Abin ya ɓata min rai ƙwarai. mkfifo zai yi maka aiki lafiya a cikin kwantena, amma in ka san wata rana za ka buƙaci na'ura, ka tambaye su KVM ce mai kanel nata ko kwantena irin OpenVZ ko LXC kafin ka biya, da ka shiga kuma ka buga systemd-detect-virt ka ga amsar da idonka tun lokacin mayar da kuɗi bai wuce ba.