Ko gorar da aka shanye ruwanta kuɗi ce a Jamus

Yaya, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya. Ka ce in ba ka labarin kantunan Jamus. Kaya dai kusan duk ka san su. Inda muka sha bamban shi ne makomar mazubi bayan an gama da abin da ke ciki.

Gorar ruwa ko gwangwanin lemo in ka saya, sai an ɗora maka santi 25 a kan kuɗinsa, wato rubu'in Yuro. Suna kiransa Pfand, tun 2003 ake yi. In ka shanye, akwai na'ura a bakin kanti: ka tura gorar cikin rami, ta jujjuya ta, ta karanta tambarin, sai ka ji ƙarar murƙushewa daga ciki. Ka danna maɓalli, 'yar takarda ta fito, ka miƙa wa mai karɓar kuɗi a rage maka. Wadda ta lotse har tambarinta ya ɓaci kuwa, dawo maka da ita take yi. Sama da kashi 90 cikin 100 na gorunan nan suna komawa. Wanda ƙyuya ta hana shi kaiwa ma yakan ajiye ta a gindin kwandon shara, don mabuƙaci ya ɗauka ba sai ya tona ba. Wannan ya taɓa mini zuciya ƙwarai.

Ledar zuba kaya an hana kantuna ba da ita tun Janairun 2022, kowa da jakarsa yake zuwa. Shan-iskar da ake ƙulla kayan marmari da leda mai kauri sosai ne suka tsira.

Sai dai kada tsabtar titi ta ruɗe ka. Sharar mazubi da ake lissafa wa mutum ɗaya a nan ta haura kilo 200 a shekara. Kokwamba guda sai an naɗe ta da leda, ƙaramin saƙo sai a turo maka shi cikin ƙaton kwali. Robar da muke warewa a kwandon sharar mazubi mai launin ruwan ɗorawa, kaso mai yawa ƙonawa ake yi, wata kuma a loda ta zuwa Turkiyya ko Malesiya. Wallahi abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, mai ƙarfi ya ɓata, a kai wa wani ya share.

Duk da haka akwai abin ɗauka. Tun 1991 doka ta ce kamfanin da ya fito da mazubi shi zai biya kuɗin kwashe shi. Mu a gida 'yan jari-bola ba sa barin ƙarfe ya kwana a ƙasa, don yana da farashi. Ledar ruwa ce ba mai saye, ga ta nan tana toshe kwata da damina, awaki na haɗiya suna mutuwa. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017, ba su jira Turai ba. Ni dai fatana a tilasta wa masu kamfanonin ruwa da lemo su riƙa sayen ledarsu da gorunansu daga hannun jama'a.

A gaida Umma da yara.