Harsashin kamfani ko na ɗurin hannu: wanne ya dace da maharbin Kumasi?

Wani ƙanena a Aboabo ya tare ni da wayarsa bayan sallar la'asar. Ya ga maharban Amurka a YouTube suna ɗura harsashi da hannunsu, suna fita farauta da shi don kwanson tagullar ya buɗe ya ɗauki siffar cikin bindiga. "Yaya, mu ma ba sai mu yi haka ba, mu huta da tsada?" Na ce masa ya zauna tukuna.

Abin da ya gani gaskiya ne, amma na masu bindigar raifil ne. Wani maƙerin bindiga Ba'amurke, P.O. Ackley, shi ya shahara da sake fasalin ɗakin harsashi, wato inda harsashi ke zama a cikin bindiga, ya miƙe jikinsa, ya ɗaga kafaɗar kwanso zuwa digiri 40, don ya ci albarushi fiye da da. Idan aka harba harsashin .280 Remington a bindiga ƙirar .280 Ackley Improved, ƙarfin tashin albarushi yakan tura tagullar ta manne da bango, kwanson ya fito da sabuwar siffa. Maharbi kan ce tunda dole a ƙone harsashin, gara a ƙone shi a kan nama. Sai dai wannan harbin farko gudunsa bai kai na kwanson da ya riga ya gyaru ba, kuma inda zai sauka kan iya bambanta, don haka sai an gwada saiti kafin a shiga daji. Ga kuɗin injin matsewa da ma'aunin albarushi. A Ghana kuwa akwai babbar katanga: haɗa harsashi ba da izinin hukuma ba laifi ne.

Mu dawo gida. Yawancin naman da ke isa Atwemonom, kasuwar naman daji ta Kumasi, gyazbi ne da gada da mazo da gafiya, kuma wanda ba tarko ya kama ba, galibi bindiga mai baki ɗaya lamba 12, mai watsa ƙwayoyin dalma, ce ta kayar da shi. A dajin Asante mai duhu, da wuya ka hangi dabba nesa da mita 30 ko 40. Me za ka yi da raifil mai cin mita 300, ga gonakin koko da mutane a bayan kowane kurmi?

Saboda haka zaɓin gaske biyu ne. Akwai harsashin kamfani daga dillali mai lasisi, wanda sai ka nuna takardar bindigarka ta 'yan sanda. Mai alamar AAA ƙwayoyinsa manya ne, na gada da mazo. BB ya fi ƙanana da yawa, ya ishi gyazbi ba tare da ya dagargaza naman ba. Duba tsawonsa a jikin kwali: na milimita 76 bai dace da bindigar da aka yi wa ɗaki na 70 ba, ko da ka ga ya zauna lafiya, domin bakinsa ba zai sami wurin buɗewa ba.

Sai kuma wanda ake sake ɗurawa a tsohon kwanson roba, a sayar a ɓoye. Araha ba ta ado. Ba ka san wane albarushi aka zuba ba, ba ka san awonsa ba. Wannan ya yi tusa kawai, na gaba ya tsaga baki, musamman a bindigar maƙeran gida. Ni ko kyauta aka ba ni ba na so.

Kada ka tara da yawa idan damina ta kama, danshin Kumasi yana cin gindin kwanso da tsatsa. Ban da haka, daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba an rufe farauta, gyazbi kaɗai aka bari, shi ma sai da lasisin sashen kula da namun daji. Ƙanen nawa dai kwali ɗaya na BB ya saya.