Sifesa ko cikakken kit: wanne ya dace da Hilux ɗinka?

Ɗan uwa, ka ce Hilux gareka, cikinta na yawan gogar ƙasa a hanyar gargada kuma kusan kullum da lodi a bayanta, shi ne kake tambaya ko ka sa sifesa kawai ka ɗaga ta inci 2, ko ka daure ka sayi cikakken kit mai sifirin da shokazoba. To ni dai tunda ka ambaci lodi, hankalina ya riga ya karkata, amma bari in ajiye maka su gefe da gefe.

Sifesa wani zobe ne na ƙarfe ko alminiyam da ake ɗorawa a saman shokan gaba, a baya kuma a sa bulok tsakanin aksul da sifirin. Ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, ɗaurinsa ba wuya, kuma motar za ta tashi ta yi kyau a ido. Amma fa tsayi kaɗai ka saya. Sifirinka na nan yadda yake, in ya gaji ya gaji, ka zuba kaya bayan ya sake zaunawa. Sannan ka kula, kaurin sifesa ba shi ne tsayin da za ka samu ba, saboda yadda hannun taya yake aiki sifesa mai inci 1 kan ɗaga gaba kusan ninki biyu, nan mutane da yawa ke yin kuskure su sayi mai kauri su wuce gona da iri.

Cikakken kit, irin na Old Man Emu ko Ironman 4x4 ko Dobinsons, duk kamfanonin Ostareliya ne, shi yana canza sifirin gaba da na baya da shoka huɗu gaba ɗaya. Abin da ya fi burge ni da shi, sifirin baya ana sayar da shi ne gwargwadon nauyin da motar ke ɗauke da shi kullum, akwai na ƙaramin kaya, akwai na kilo 300, har na kilo 600. In ka dace da naka, motar na ɗauke da lodi amma tana tsaye daidai, ta faɗa rami ta fito sau ɗaya ba ta ta rawa ba. In kuma ka sayi na 600 alhali yawanci fanko kake yawo, wallahi bayanka zai gaya maka, tsalle za ta dinga yi kamar an ɗaure aksul da shasi. Don haka ka auna kayan da ba sa sauka daga motar, ba lodin da kake yi sau ɗaya a wata ba. Kuma kit bai ƙara adadin nauyin da kamfani ya rubuta wa motar, birki da shasi ba su canza ba.

Akwai na tsakiya, Bilstein 5100, shoka ne mai matakai da kake zaɓar inda sifirin gaba zai zauna, yana da kyau ga mai son daidaita gaba da baya, amma matsalarka a baya take.

Ko wanne ka ɗauka, don Allah kar ka wuce inci 2, wato milimita 50. Gaban Hilux ta zamani ba aksul ɗaya ba ne, kowace taya da nata shaf ɗin da ke juya ta, da ka haura nan shaf ɗin gaba zai karkace da yawa. Na taɓa duba wata da aka ɗaga inci 3 da sifesa, robar shaf ta tsage, giris ya fantsama baƙi ƙirin a cikin rim, boljoyin na sama, wato gaɓar da ke haɗa hannun sama da taya, kuma ya miƙe iya miƙewa har hannun na bugun sifirin in taya ta sauka rami. Mai ita sai da ya sayi sabon hannun sama, arhar ta koma tsada.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, sifesa da kit duk biyun ba sa ɗaga tukunyar aksul ɗin baya, wato ƙullin nan da ke tsakiyar aksul, taya ce kaɗai ke ɗaga ta. In ka canza taya daga mai lamba 265/65R17 zuwa 285/70R17 kusan inci 1 za ka samu a ƙarƙashinta, amma tayar na iya gogar bodi in ka karya sitiyari, shan mai zai ƙaru, mitar gudu kuma ta dinga nuna ƙasa da gudun da kake yi.

In ni ne kai, cikakken kit zan sa. Ranar ɗauri ka tsaya a kan bakanike kar ya matse notin bushin, wato robar da ke mahaɗin hannun taya da sifirin, alhali motar na rataye a jak, sai ta sauka ta zauna kan tayoyinta, in ba haka ba robar na murɗewa ta yage da wuri. Ya duba tiyon birkin baya bai ɗame ba, daga nan ka wuce alaimen, wato saitin tayoyi, kai tsaye, a kuma sake saita fitilun gaba don kar ka dinga kashe wa masu tahowa ido da dare.